Dala Ɗari Tara da Sha Biyu

A Toledo, wata Talata, ƙanƙara na narkewa a bakin titi,
na je neman hayar ɗaki biyu
kusa da makarantar da nake girka wa yara abinci.
Mai gidan ya dubi kwamfuta, ni bai dube ni ba.
Ya ce, "Misis Dombrowski, makinki ya faɗi."
Na ce, "Wane maki? Rabona da aji shekara arba'in."

Ashe akwai ofisoshi uku da ban taɓa taka ƙofarsu ba,
suna riƙe da sunana, ajiyar da ban ba su ba.
Duk wanda ya ce yana bi na, can yake kai tsegumi,
su rubuta, ni ina gida ina fere dankali.

Dala ɗari tara da sha biyu.
Kuɗin motar asibitin da ta ɗauki Walt
a daren da numfashinsa ya soma gardama.
Inshora ta biya tun yana da rai.
Amma an sayar da bashin kamar tsohuwar mota,
daga wannan hannu zuwa wancan,
har ya iso hannun wani yaro mai suna Corbin
da ke kira na daidai lokacin da miya ke tafasa.

Muryarsa da ladabi, karantawa yake daga takarda.
Na ce, "Ɗana, na sani bashi hanji ne,
yana cikin kowa.
Wannan dai ba daga cikina ya fito ba."
Ya yi shiru. Na ji tari a teburin kusa da shi.
Ya koma layin farko ya sake karantawa.

Odessa, maƙwabciyata, shekara talatin ta yi a gidan waya.
Ta ce, "Marlene, daina ɓata yawunki.
Maganar waya iska ce, takarda ke da ƙafa.
Rubuta musu: ban yarda ba, ku kawo shaida.
Aika ta hanyar da dole wani ya sa hannu.
In sun kai sunanki can,
doka ta ce su faɗi cewa kina jayayya.
Ba alfarma ba ce, haƙƙinki ne."

Na sauko da kwalin takalmin Walt daga saman kabad.
Mutumin da ko rasit ɗin ƙusa ba ya yarwa!
Shekara nawa ina masa tsiya a kan haka.
Ga ta nan, a ƙarƙashin garantin firji:
an biya, da hatimi, da kwanan wata,
da zanen kofin shayinsa a gefe.
A nan na zauna a ƙasa. Ban tashi da wuri ba.

Wasiƙa huɗu na rubuta da hannuna,
ɗaya ga kamfanin Corbin, uku ga masu ajiyar suna.
Katin shaida kore ya dawo da sa hannu
kamar kaza ta bi ta kan tawada.
Sai jira.
Kwana talatin ba yawa a bakin mai faɗa.

Da farko kalma biyu suka liƙa a gefen lambar:
ana jayayya.
Na karanta su da ƙarfi a kicin, ni kaɗai,
kamar an sa sunana a allon yabo.
Bayan sati uku layin ya ɓace ɗungurungum.
Ba wanda ya kira ya ce yi haƙuri.

Gidan kuwa, tuni wasu suka tare.
Ina wuce shi a bas kowace asuba,
sun rataya labule ruwan ɗorawa, bai dace da bangon ba.

Corbin bai sake kira ba.
Wani lokaci ina tunanin wa ke kiran uwarsa
idan miyarta ta tafasa.

Katin koren na sa shi a kwalin Walt,
na mayar da murfin,
na bar wuri kaɗan.